Lissafi a Ƙasar Tsanyawa: Daga Ƙidayar Wuri zuwa Allon Ƙaramar Sakandare

Koken da aka saba ji daga bakin ɗalibai da iyayensu, wani lokaci har da malaman da ke riƙe da alli, cewa lissafin ƙaramar sakandare ya fi ƙarfin yaran da ake koya wa shi, ba koke ba ne da za a yanke masa hukunci ta duba littafin darasi kaɗai, domin nauyin kowane aiki yana rataye ne a kan wanda aka ɗora wa shi da irin shirin da ya zo da shi. Ƙaramar sakandare, wato azuzuwa ukun da ke bin shekaru shida na firamare, waɗanda a ƙa'ida yara 'yan shekara 12 zuwa 15 ke zama a cikinsu, sabuwar aba ce a tarihin ilimi na ƙasar Kano, kuma lissafin da ake yi a cikinta ya biyo ta hannuwa da yawa kafin ya iso makarantar karkara. Ƙaramar hukumar Tsanyawa, wadda ke arewa maso yammacin birnin Kano a kan hanyar Katsina bayan an wuce Bichi, wuri ne da ya dace a bi sawun wannan tarihi, saboda ƙasa ce mai cunkoson gonaki irin wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana tun shekarun 1960, inda ake nome gona kowace damina ba tare da an bar ta ta yi saura ba, ana raya ta da takin gida, kuma kowace kunya tana da mai ita. Inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, awo da ƙidaya da rabo sukan zama aikin kullum, ko da makaranta ko babu.

Mafi daɗewar lissafin da aka sani a wannan yanki shi ne na kasuwa, kuma kafin zuwan Turawa kuɗin da ake ciniki da shi wuri ne, wanda ba shi da manya da ƙanana, saboda haka duk cinikin da ya kai dubbai sai an zauna an ƙirga shi da hannu. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratso ta Tasawa da Katsina ya shigo Kano a farkon 1851, ya bayyana yadda masu ƙidaya ke jan wuri biyar-biyar da yatsu cikin sauri, suna tara shi tsibi-tsibi na metan ko na dubu, ya kuma rubuta cewa a lokacin wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Wannan aiki ya haifar da nasa ma'aunai, kamar hauya, wadda take wuri ashirin, da keso, wato jakar tabarma mai ɗaukar wuri zambar ashirin. Fatake da ke fita da turkuɗi da ƙore su komo da goro daga Gwanja ko kanwa daga Borno dole ne su riƙe farashin wurare biyu a ka, su cire kuɗin fito da na dillali da abincin jakuna, sannan su san ko tafiyar ta biya. Babu wanda ya koyi wannan a aji. Yaro yana koyonsa ne a gindin ubangidansa, daga ƙaramin ciniki zuwa babba, kuma ba a damƙa masa dukiya sai an ga ya daina kuskure a ƙaramar.

Manomi ma yana da nasa lissafin, wanda har yau bai gushe ba a garuruwa irin su 'Yankamaye da Gurun da Daddarawa. Ana ƙirga amfanin gona da dami, ana fitar da zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, ta noman rani da aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin, sannan maigida ya ƙiyasta dami nawa zai kai iyalinsa zuwa sabon gero bisa kwanon da ake aunawa kowace rana. Lokacin shuka da noma kuma ana bin sa da lissafin taurari, inda shekara take da taurari 28, kowane yana ɗaukar kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14, abin da ke cika kwana 365 daidai.

Sama da wannan duka akwai lissafin malamai, kuma a nan ne ake samun abin da ya yi kama da darasin makarantar yau, har ya zarce shi wuya. Ilimin fara'il, wato ilimin rabon gado, wanda ɗalibi ke tarar da shi a littattafan fiƙihun Malikiyya kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil, an gina shi ne a kan kaso shida da Alƙur'ani ya ambata: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Misali ɗaya ya isa ya nuna irin aikin da ke ciki. Idan mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, matar tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, mahaifiyar tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar ninkin rabon mace. Malami zai fara neman lambar da takwas da shida duka za su raba ba saura, ya sami 24, wadda ake kira asalin mas'ala, sai ya ba matar 3, ya ba mahaifiyar 4, saura 17. Da yake 'ya'yan suna da kai biyar, biyu-biyu na maza da ɗaya na mace, kuma 17 ba ta rabuwa gida biyar, sai ya ninka asalin sau biyar ya koma 120, matar ta tashi da 15, mahaifiyar da 20, 'yar da 17, kowane ɗa namiji da 34. A ƙasar da gona ɗaya ake yankawa tsakanin magada zuriya bayan zuriya, wannan aiki ba motsa ƙwaƙwalwa ba ne, domin kuskuren taki goma a kan iyaka yana iya zama shari'ar shekaru tsakanin 'yan uwa.

Abin lura shi ne, neman asalin mas'ala shi ne ainihin abin da ake koya wa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a babin tara kaso masu mabambantan gindi, kuma ita kanta aljabara, wato lissafin da ake sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba, ta samo sunanta ne daga littafin da Muhammad bn Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, littafin da babban ɓangarensa mas'alolin gado da wasiyya ne. Ƙasar Hausa ta fitar da nata gwanayen a wannan fage. Mafi shahara shi ne Muhammad bn Muhammad Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina wafaƙi, wato hatimin lambobi da kowane layinsa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. Mawaƙan ajami kuma sun saba rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta bisa hisabin abjadi take ba da shekarar hijira da aka yi waƙar.

Amma akwai sharuɗɗa biyu da wannan tsohon tsari ya kiyaye, waɗanda su ne mabuɗin fahimtar abin da ya faru daga baya. Na farko, ba a kai ɗalibi babin gado saboda shekarunsa sun kai, sai don ya sauke Alƙur'ani, ya shiga makarantar ilimi, ya wuce ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kuma malaminsa ya gamsu da shi, ko da hakan zai kai shi shekara talatin. Na biyu, ko da yake littafin na Larabci ne, malam yana karanta shi gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, ana tambaya da Hausa ana ba da amsa da Hausa, saboda haka ɗalibi ba ya kokawa da baƙon harshe da baƙon tunani a lokaci guda. Kuɗin da aka biya a kan wannan tsari shi ne ƙarancin masu cin moriyarsa: a gari guda da wuya a sami fiye da 'yan tsirarun malamai da ake kira idan za a raba gado, kuma mata kaɗan ne ƙwarai suka kai wannan mataki.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, buƙatar lissafi ta sauya kama cikin shekaru kaɗan. Wuri ya ba da wuri ga kuɗin ƙarfe, inda anini goma suke kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu suke sule, sule ashirin suke fam, ga kuma taro da sisi da nai a tsakani, tsarin da ya sa sayen abu uku a kan sule bakwai da sisi kowane ya zama fam ɗaya da sule biyu da sisi, bayan an ratsa ninki iri biyu daban-daban. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manomin ƙauye ya fara fuskantar sikelin ɗan baranda da na kamfani, waɗanda ba ya iya karanta lambobinsu. Haraji ma ya koma na awo a gundumomin da ke kewaye da birni, inda malaman taki ke auna tsawo da faɗin gona da ƙafa su ninka su fitar da abin da za a biya. Domin samar da irin waɗannan ma'aikata ne, tare da akawunan baitulmali da malaman hakimai, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nassarawa a 1909, kuma a can da Hausa aka koyar da lissafi, a rubutun boko.

Matakin da ya yi daidai da ƙaramar sakandaren yau shi ne Midil, wadda ta kafu a larduna a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930, kuma ta Kano ita ce ta zama Kwalejin Rumfa daga baya. Yaro yakan yi shekara huɗu a elemantare yana karatu da Hausa, sannan a zaɓi 'yan kaɗan daga dukan makarantun lardi a kai su Midil, inda suke kwana a makaranta, Turanci ya zama harshen darasi sannu a hankali, daga can kuma a sake tace wasu zuwa Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ko magajiyarta ta Kaduna. Malam Aminu Kano ya bi wannan hanya ta Midil ɗin Kano a shekarun 1930. Ana yawan jin dattawa suna cewa ɗan Midil na da ya fi mai digirin yanzu iya lissafi, kuma maganar ba ta rasa gaskiya, sai dai akan manta cewa lardin Kano, mai mutane miliyoyi, makarantun Midil ƙalilan yake da su na maza, kuma wanda ya shiga Midil ya riga ya tsallake siraɗin da ya kayar da ɗaruruwa. Darasin bai yi masa wuya ba domin an zaɓo shi ne saboda ba zai yi masa wuya ba. Yaran ƙauyukan yammacin Bichi kuwa, in ban da ɗaiɗaiku da dagaci ya miƙa, galibi ba da son iyaye ba, suna makarantar allo da gona.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, guguwar da ta taso daga ƙasashen waje ta shigo da wani sabon nauyi. Harba tauraron Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta yi a 1957 ya tsorata Amurka, har ta sake fasalin lissafin makarantunta bisa tunanin malaman jami'a, aka shigo da babin tari, wato nazarin rukunin abubuwa da dangantakar rukuni da rukuni, da ƙidaya a kan tushen da ba goma ba, tun daga ƙananan azuzuwa. Daga 1962 aka riƙa taron bita a Entebbe ta ƙasar Yuganda domin rubuta irin waɗannan littattafai ga Afirka, kuma 'yan Nijeriya irin su Grace Alele-Williams sun taka rawa a ciki. Wannan sabon lissafi ya bazu a makarantun ƙasar a farkon shekarun 1970, ya tarar da malaman firamare da su kansu ba a koya musu shi ba, iyaye kuma suka ga 'ya'yansu suna zana da'irori amma ba su iya sau bakwai ba. A watan Janairun 1977, a wani taro da aka yi a Benin, kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke shi. Wannan shi ne karo mafi bayyana da hukuma ta amsa cewa lissafin makaranta ya fi ƙarfin masu koyo da masu koyarwa, ko da yake wasu babukansa, kamar ƙidaya a tushen biyu, sun tsira sun shiga manhajar da ta biyo baya. A tsakiyar wannan hayaniya ne kuma, ranar 1 ga Janairun 1973, naira da kwabo ɗari suka maye gurbin fam da sule, abin da ya sauƙaƙa lissafin aji ƙwarai, alhali kasuwa ta ci gaba da kiran naira biyu fam, naira ɗari biyu kuma jaka, na tsawon shekaru.

Babban juyi ga ƙasa irin Tsanyawa shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumban 1976. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, kuma a Arewa, inda makarantu suka fi ƙaranci, aka cike gurbin da malaman gaggawa da azuzuwan da wasunsu a gindin bishiya suke. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, daidai lokacin da ɗaliban farko na shirin suka gama firamare, kuma da shi ne ƙaramar sakandare ta samu. Daga nan aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokar 2004 ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma tilas, ƙananan sakandaren jeka-ka-dawo suka yawaita a ƙauyuka. Ma'anar wannan ita ce, matakin da a zamanin Midil aka keɓe wa zaɓaɓɓu ya zama na kowa, wanda ci gaba ne da ba mai musunsa, amma an buɗe ƙofar ba tare da an riƙe ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ba. Yaro yana hawa aji saboda shekara ta zagayo, kuma yana jin darasi a harshen da bai mallaka ba.

Ita manhajar, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ke tsarawa ga dukan Nijeriya, idan aka auna ta da ta sauran ƙasashe ba za a ce ta wuce gona da iri ba. A aji ɗaya akwai manyan lambobi da lissafin kaso da farkon aljabara da kusurwoyi, a aji biyu akwai ninka lambobin da ke ƙasa da sifiri da ƙa'idar Fisagoras kan alwatika mai kusurwar tsaye, a aji uku kuma akwai warware ma'auni biyu masu ɓoyayyun lambobi biyu a lokaci guda da farkon awon alwatika. Sa'o'in waɗannan yara a Gana ko Masar ko Indiya kusan abin da suke yi ke nan. Matsalar ita ce lissafi, saɓanin darasin tarihi ko na zaman jama'a, ba ya yafe babin da aka tsallake, domin kowane sabon aiki yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi. Ɗalibin da ya zo daga firamare bai riƙe jadawalin sau ba, idan aka ce ya tara ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, abin da ya fi yi shi ne ya tara na sama ya tara na ƙasa ya rubuta biyu bisa goma sha huɗu, wato ɗaya bisa bakwai, amsar da ba ta ma kai sudusin da aka fara da shi ba. Da an ce masa rabon mata da na uwa ne aka haɗa sai ya fito ƙasa da na uwar ita kaɗai, da nan take zai ce ba ta yiwuwa, amma a kan allo lambobin ba su tsaya a madadin komai ba, saboda haka ba shi da abin da zai gane kuskurensa da shi. Amsar gaskiya, bakwai bisa ashirin da huɗu, ita ce 3 da 4 ɗin da malamin fara'il ya fitar daga 24.

Haka abin yake a aljabara. Yarinyar da ke tallan gyaɗa, idan aka ce mata wani ya ba da naira 1,100 ya karɓi ƙulli uku da canjin naira 200, ba za ta ɓata lokaci ba wajen cewa ƙulli ɗaya naira 300 ne, domin ta cire canjin ta raba saura gida uku. Idan aka rubuta mata 3x + 200 = 1,100, aka ce ta haddace cewa lamba tana sauya alama in ta tsallaka ɗaya ɓangaren, sai ta tsaya cik, alhali aikin guda ne. Masu bincike a birnin Resife na ƙasar Barazil sun wallafa irin wannan sakamako a 1985, inda yara masu talla suka amsa kusan dukan tambayoyin ciniki daidai, amma da aka ba su lambobin nan a takarda ba su ci ko rabi ba. Sai dai bai kamata a zuzuta lissafin kasuwa fiye da ƙimarsa ba. Bashi yana bayyana wa yaro abin da ake nufi da lambar da ke ƙasa da sifiri, amma ba ya bayyana masa dalilin da ya sa ninka irin waɗannan lambobi biyu ke ba da lamba ta sama da sifiri, kuma babu cinikin da zai kai shi ga ƙa'idar Fisagoras. A wannan gaɓa sai malami wanda shi kansa ya fahimci dalilin, kuma irin wannan malami shi ne abin da makarantar ƙauye ta fi rasawa, duk da cewa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha tana nan kusa a Bichi, saboda wanda ya ƙware a lissafi yana da ƙofofi da yawa da suka fi koyarwa a karkara albashi.

Batun harshe ya daɗe ana jan sa. Manufar 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare sannan a koma Turanci, wanda a aikace yake nufin cewa sauyin yana faɗowa ne daidai lokacin da ake shiga doguwar rabawa da lissafin kaso, babukan da suka fi buƙatar bayani. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida ban da darasin Turanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, kuma Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare, sannan a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan manufa da komawa Turanci tun daga tushe. Abin da ke gudana a ajin ƙauye bai bi ko ɗaya daga cikin sanarwar biyu sau da ƙafa ba: malam yana rubutu da Turanci, yana bayani da Hausa, yara suna amsawa baki ɗaya cewa sun gane, ranar jarrabawa kuma takarda ta zo da Turanci zalla, tambayar da aka saka cikin labari ta zama gwajin karatu kafin ta zama gwajin lissafi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ba ƙwaƙwalwar yaran ce ta gaza ba tana nan a maƙwabta. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kansu, aka riƙa zaɓo yara ta jarrabawa daga makarantun jihar, da yawansu 'ya'yan manoma, aka ba su ƙwararrun malamai da ɗakunan gwaji da wurin kwana, kuma daga cikinsu ne jihar ta sami ɗimbin likitoci da injiniyoyinta. Amma wannan nasara ta Midil ce a sabuwar riga, domin ta sake dogara ga tacewa, ba ta ce komai ba game da yaron da bai ci jarrabawar shiga ba, wanda shi ne mafi yawa a kowane aji na Tsanyawa. Saboda haka amsar da tarihi ke bayarwa ita ce, lissafin ƙaramar sakandare bai fi ƙarfin ɗan shekara 13 ba, amma ya fi ƙarfin ɗan shekara 13 da aka kawo aji ɗaya bai iya rabawa ba kuma bai iya karanta tambayar ba, kuma rage babukan manhaja, wanda shi ne abin da masu koke suka fi nema, ba zai koya masa rabawar ba.

Yunƙurin da ya fuskanci wannan giɓi kai tsaye ya zo ne a 2019, lokacin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kano, tare da abokan hulɗa na waje, ta fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, bisa hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro a Indiya. Ana ɗaukar 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare a yi wa kowane ɗan gajeren gwaji na baka, a ga ko yana gane lamba mai gida biyu, ko yana iya ɗebewa da aro, ko ya kai rabawa, sannan a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a keɓe musu wani lokaci a rana ana aiki da tsinkaye da ƙulle-ƙullen goma-goma, ana magana da Hausa, wanda ya ƙware a matsa da shi gaba. Shirin na firamare ne, kuma a ƙananan hukumomi biyu cikin 44 aka fara shi, saboda haka malamin aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Tsanyawa har yanzu yana karɓar ɗalibai da tazarar shekara uku ko huɗu ta karatu a tsakaninsu, yana kuma da jadawalin zango da mai duba makarantu zai tambaye shi ko ya kammala. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yunin 2024 ta fi ba da ƙarfi ga gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda duka ana buƙatarsu, amma ba su taɓa ƙa'idar da ke kai yaro aji na gaba a ƙarshen kowace shekara ko ya iya babin da aka wuce ko bai iya ba.